Kan Hajo da Jirgin Gabon

Litinin, da hantsi. Parakou, gidan Imran a unguwar Titirou

Rubuta, Munira. Bismillahi. Ni ce Hajo ta Djougou. Ban yi lakkol ba, makarantar boko, shi ya sa autata ta riƙe bik tana rubutu ni ina faɗa. Lokotoro, wato likita, ta ce a samu kaye, littafin rubutu, a riƙa rubuta yadda kaina ya kwana da yadda ya wuni. Na ce to, a raba shi biyu. Bayan kaye na lokotoro, gaban kaye nawa. Wannan nawa ne, kar ki kai mata.

To rubuta: kai lafiya lau.

Me kike kallona? Yana ɗan sarawa da safe, wannan ai ko kan da bai daki ƙasa ba yana yi. Sa shi can baya.

Abin da ake ciki, na faɗo daga zem, babur ɗin haya, a hanyar Pélébina, ƙeyata ta gaisa da jar ƙasa. Ɗana Imran ya ɗauko ni daga Djougou ya kawo ni nan, aka cusa kaina cikin wani inji mai kama da bakin randa, wai sikane, mai ɗaukar hoton cikin kai. Lokotoro Fatchima, yarinya ce ƙarama amma da murya, ta ce jini kaɗan ya kwanta tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa. Ba za a tsaga ba, da kansa zai janye. Amma jirgi, ta ce a'a tukuna.

Ga shi ran Asabar ɗin nan ne ya kamata in hau jirgi a Cotonou in tafi Gabon. Biye, wato tikitin jirgi, yana hannu, balis ɗin kayana a ɗaure. Waccan ta Gabon ce watanta ya kusa. 'Yata ta fari. A'a, kar ki rubuta sunanta, ba da bakina ba. Ku 'yan yanzu kuna kiran ɗan fari kamar mai kiran kaza. Mu haka muka tarar: ba a kiran sunansa, ba a tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ba a nuna an damu. Ni dai saƙon mutane zan kai Gabon. Rabin Djougou suna da ɗa a can.

Laraba, bayan azahar

Kai lafiya lau.

Ƙanwata Tsahara ta zo dubiya tun daga Djougou da lemo a leda. Sau ɗaya ta je Makka, yau shekara nawa, har yanzu ba ta sauko daga jirgin ba. Ta ce, "Yaya, in ya tashi kunnuwa suke toshewa, kai ya cika da iska kamar tayar keke. Mai lafiyayyen kai ma ya ji jiki, balle naki da ya tsage." Na ce kaina bai tsage ba, hanyar Pélébina ce ta tsage, je ki duba. Muka yi ta dariya har Munira ta ce in bari, lokotoro ta hana girgiza.

Amma da ta tafi na taɓa ƙeyata. Ni fa ko gadar sama ba na son hawa. Ƙarfe ya ɗauki mutane ya bi cikin gajimare, ba igiya ba komai. To in kan nan ya kumbura a can, wa za a kira?

Imran ya shigo ya zauna bakin tabarma. Ya ce, "Inna, wai me ya kai ki Pélébina, kwana kaɗan kafin tafiya?" Na ce gaisuwa. Ya ce, "Mai zem ɗin ya ce kin ƙi riƙe ƙarfen baya, hannu biyu kika rungume wata ƙwarya." Na ce mai zem ya cika surutu, da ya kalli hanya da bai ga rami ba?

Ƙwaryar ba ta fashe ba, rubuta wannan. Ko tsagewa.

Alhamis, da sassafe

Koko ne bai karɓe ni ba. Ba amai ba ne, dawowa ya yi. Munira, na ga kin juya bayan kaye. Munira!

Juma'a, da yamma

Auta ta kai ƙarata, aka mayar da ni lopital, wato asibiti. Lokotoro ta haska min fitila a ido, ta sa na bi yatsanta, ta sa na yi tafiya a kan layin siminti kamar mai koyon tatata. Ta ce in buɗe jakata. Ta tsinci jajayen ƙwayoyin da nake saye wurin mai tebur in gwiwa ta dame ni. Ta ce, "Inna, wannan yana tsinka jini. Daga yau kun rabu." Ta sa su a aljihunta. Na ce Allah ya sa su yi wa gwiwarki amfani.

Na tambaye ta, wai da gaske kai yana fashewa a sama? Ta yi dariya ta ce ba ya fashewa. Ta ce amma iskar cikin jirgi ba ta kai ta ƙasa ƙarfi ba, kan da bai gama warkewa ba ba ya son haka. Kuma babban abin, in wani abu ya taso a can, direban jirgi ba ya tsayawa bakin hanya a nemi lopital. Sai an sake sikane nan da 'yan makonni, in hoton ya fito fes, sannan a yi magana.

Sai ta ce, "Tafiyar dole ce?"

Imran yana tsaye. Munira tana tsaye. Ga wani ma'aikaci yana goge tebur.

Na ce, "A'a, ba dole. Saƙon mutane ne, daddawa da kuka."

Ta ce to madalla, ba gaggawa ke nan. Imran ya sauke numfashi ya ce, "Inna kin huta, dama tsoron jirgin nan ya hana ki barci." Na ce wallahi kuwa.

Kai lafiya lau. Rufe kayen.

Asabar, da azahar

Yau ne. Jirgin ya tashi ba ni a ciki. Na ci tuwon doya har da ƙari.

Lahadi, bayan la'asar

Waccan ta kira a portabul ɗin Imran, ya miƙo min a tsakar gida kowa yana ji.

Ta ce, "Ina wuni, Inna." Na ce lafiya. Ta ce ya jiki? Na ce da sauƙi. Na ce ya mutanen gidan? Ta ce lafiya. Na ce ana ruwa a can? Ta ce ana yi kullum. Na ce to madalla. Ina jin numfashinta, sama-sama yake fita kamar ta hau tudu. Na ce ga Munira.

Munira ta shige ɗaki da ita suka yi ta hira. Da ta fito ban tambaya ba. Ita ma 'yar banza ta ƙi faɗa, tana jira in tambaya. Sai da na ce, wai a Gabon ɗin nan ƙafafun mutane suna kumbura saboda ruwan sama? Ta ce, "Sun kumbura, Inna, amma ana duba ta."

Ta kusa arba'in fa. Ciki biyun da suka zube mata a baya, ba kowa kusa da ita sai matar maƙwabci, ita ma ba ta jin Hausa, ba ta jin Dendi. To. Allah ya riga ya rubuta. Goge wannan. A'a, bar shi.

Talata, da hantsi. Djougou, ɗakina

An bar ni na dawo gida in jira, da sharaɗin ba zem, ba daka, ba sunkuyo a rijiya. Munira ta tsaya Parakou wurin aikinta, yau Lado ne mai rubutu, ƙanin marigayi maigidana. Ya sa tabarau biyu, ɗaya bisa ɗaya. Lado, in ka rubuta abin da ban faɗa ba, Munira za ta karanta min, in zo in tsinke maka gemu.

Ya ce wai tun ranar da aka kawo ni gidansu ya san kaina ba daidai yake ba, sai yanzu inji ya tabbatar. Rubuta abinka, tsohon banza. Wanka ma sai da na koya maka.

Mutane sai shigowa suke. Rabi dubiya, rabi duba saƙonsu. Ɗakina ya zama kanti. Ga ƙullin daddawa, ga kuka, ga yaji, ga hular da wata ta saƙa wa ɗanta. Wata ta kawo wagashi, cukun Fulani, ta ce lallai a kai wa ɗanta, shi yake mafarki. Tun da aka fasa tafiyar kullum sai an sake tafasa shi kar ya lalace, har ya ƙanƙance ya zama kamar sabulun salo. Lado ya ce a ba shi ya raba gardama. Na ce taɓa ka gani.

Kai lafiya lau. Yau da gaske nake. Na zura zare a allura da kaina.

Alhamis, bayan azahar

Imran ya zo daga Parakou da Tsahara a bayansa, tana ta gyara mayafi. Ya durƙusa ya ce sun yi shawara da mijin waccan. Tunda ni ba dole, ga tsoro, ga kai, a bar ni in huta gaba ɗaya. Tsahara za ta je a madadina ta yi wankan jego, ta kai saƙon mutane. Ana sabunta mata paspor, da ya fito sai tafiya.

Ya ce, "Ya yi, Inna?"

Na ce ya yi.

Ai yaron kirki ne. Don ni ya yi.

Tsahara ta ce in ba ta abin da zan bayar. Na ce ba ni da komai, sai dai ga wata ƙwaryar man shanu can ƙarƙashin gado, na Fulanin Pélébina ne, ba gauraye, na soya shi na rufe. Ga kanwa ungurnu ta kunu. Ga sassaƙe da na shanya. Ga zannuwa masu taushi da na wanke har suka mutu. Na ce ruwan kar ya yi zafin da za ta yi kuka, ba ta son zafi tun tana ƙarama. Kunu kar ya yi kauri. Ba ta cin kuɓewa. In ta yi shiru ba lafiya ba ne, ita ba ta faɗa, sai an kalli goshinta.

Tsahara ta ce, "Yaya, na yi wa mata nawa wanka a garin nan?" Na ce na sani. Na ce ƙwaryar dai ta zauna a nan tukuna, sai ranar tafiya.

Juma'a, da safe

Ba abin rubutawa. Tafi masallaci, Lado.

Asabar, da yamma

Lado ya ƙi ɗaukar bik. Ya ce, "Hajo, buɗe baki ki ce wa yaron nan ke za ki. Kalma ɗaya ce." Na ce in ce me? In tsaya gaban ɗana, tsofai-tsofai da ni, in ce ina son ganin wance? Uwata ta mutu ba ta taɓa kallon yayanmu ido da ido ba, kuma duk Djougou an san wa ta fi so. Ya ce, "An sani a lokacin. Waɗannan sai an faɗa musu da faransanci." Na ce to kai ka faɗa. Ya ce shi ba ya shiga tsakanin mace da taurin kanta, ko hanyar Pélébina ta gwada ta sha kashi.

Yanzu ya ɗauka. Rubuta: kai lafiya lau, kuma ina tsoron jirgi. Duka biyun gaskiya ne.

Litinin, da hantsi

Mijin waccan ya kira Imran, Imran ya kira Lado. An kai ta lopital tun asuba. Lokacin bai cika ba. Paspor ɗin Tsahara bai fito ba.

Litinin, da azahar

Na share tsakar gida. Na sake sharewa.

Litinin, da la'asar

Lado, portabul ɗinka yana da wuta kuwa? Ba komai. Tambaya ce.

Litinin, gab da magariba

Duba shi kuma.

Talata, da sassafe

Namiji! Rubuta da manyan baƙi, Lado, cire tabarau ɗaya ka gani da kyau. Namiji! Aiki aka yi aka ciro shi, ƙarami ne amma an ce muryarsa ta cika lopital. Uwar ma ta farka, ta sha ruwa. Alhamdulillahi. Alhamdulillahi.

Da labarin ya zo na zauna a kan turmi. Mata suka cika gidan da guɗa, ni ko motsi, don ba a ga uwar mai jego tana rawar kai ba. Sai wata maƙwabciya ta dafa ni ta ce, "Hajo, kin yi sabon miji, mai jini a jika."

Lado, ka ji? Miji! Jika namiji ai mijin kakarsa ne, tun kaka da kakanni. Shi ba kunya tsakanina da shi. Shi in na ga dama in hau katanga in kira shi.

Na miƙe na ɗaura ɗankwali. Nemo min mota mai zuwa Parakou. Ɗauko ƙwaryar nan. A hankali, tsohon banza, da hannu biyu.

Laraba, bayan azahar. Titirou

Munira, rubuta yadda aka yi, ke ma kina wurin amma rubuta.

Na shiga shagon Imran, ga abokan cinikinsa zaune. Na ce, "Kai Imran, wane laifi na yi maka? An ɗaura min aure da saurayi ɗan Gabon, ka ce za ka tura Tsahara ta tare a ɗakina?" Shago ya fashe da dariya. Na ce, "Mijina yana can ba mai dafa masa ruwa. Ni zan tafi. Ko a buhu za a sa ni, ko a ɗaure ni a fiffiken jirgin."

Imran yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Inna, ke da kike tsoro?" Na ce ina tsoro mana, wace amarya ce ba ta tsoro? Sai ya ga ƙwaryar a hannun Munira. Ya buɗe ya shinshina. Dariyar ta tsaya.

Ya ce, "Wurin mijin naki kawai za ki, Inna?"

Na ce, "Wurin wa kuma?"

Ya sunkuyar da kai ya ce to. Ya ce amma ba buhu ba fiffike, sai abin da lokotoro ta ce. In ta ce a'a, a'a ne. Na ce na yarda. Na yarda ɗin kuwa. Ba zan je in zube musu a can in zama jinya biyu ba.

Tsahara ta yi fushi na rabin wuni. Na ce ta riƙe atamfar da Imran ya ɗinka mata ta tafiya, ta huce.

Juma'a, da hantsi

Gobe sikane. Yau kuma an yi suna ba ni? A'a, sai Litinin. Ko ma yaushe ne ba zan samu ba. Ba komai, ango ba ya gudu.

In hoton bai yi kyau ba fa, Munira?

Kai kan nan nawa, yi magana mana. Shekara saba'in ina ɗauke da kai, ban taɓa roƙonka komai ba.

Asabar, da yamma

Na shiga randar, na rufe ido, na karanta duk abin da na iya har da wanda na manta rabinsa. Lokotoro ta liƙa hotuna biyu a jikin fitila, na da da na yanzu. Ni duk goro biyu na gani an ɓare. Ta nuna wani farin tsiri a na farko, ta nuna wurinsa a na biyu, babu. Ta karanta bayan kayen nan tun daga farko. Ta tambayi Munira, ba ni ba, ko na sake amai, ko ina yawan barci, ko ina manta hanya. Munira ta ce abin da ban manta ba ya fi yawa.

Ta ce in ƙara sati ɗaya a ƙasa, sannan in hau. Ba ni kaɗai ba, Munira za ta raka ni. In sha ruwa, ba jajayen ƙwayoyi, ba ɗaukar kaya a ka. In na sauka kai ya sara da ƙarfi ko ido ya ga abu biyu, lopital nan take, ba jira ba. Ta rubuta takarda in nuna wa lokotoron can.

Sai ta ce, "Yanzu tafiyar ta zama dole?" Na ce dole, miji ne. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "'Yar fari ce ta haihu, ko?" Na kalli bango. Ta ce, "Ni ma ta fari ce. Uwata har yau ‘ke’ take ce min." Ta ce amma in sani, da hoton bai yi kyau ba, ko mijina sarkin Gabon ne ba ta bari.

Lahadi, da hantsi. Libreville, Gabon

Mun zo jiya. Rubuta wa Tsahara cewa kaina bai fashe ba. Kunne dai ya toshe, na haɗiyi yawu ya buɗe. Da ya fara gudu na kama hannun wani bature da ke gefena, ban sake shi ba sai da aka kawo abinci. Ya ce wani abu, Munira ta ce wai ba komai, shi ma yana da uwa. Ban leƙa taga ba. To, sau ɗaya. Teku ne a ƙasa, na mayar da idona.

Ango ƙarami ne kamar ɗan tsako, ga faɗa. Na ɗaga shi na yi masa tsiya a gaban kowa, na ce dubi mijin da na tsallake teku dominsa, ko haƙori babu. Aka yi ta dariya. Waccan tana bakin gado ta ce, "Sannu da zuwa, Inna." Na ce yauwa. Ta rame.

Yau da safe na dafa ruwa. An ce saboda ɗinkin, mai ɗumi kawai, kuma kar a taɓa cikin. Na ce na ji. Na kama ta muka shiga bayi, na ja ƙofa. Nan ba kowa. Na zaunar da ita a kujera. Furfura ta fara fito mata ta nan gefe, ban sani ba, ba wanda ya gaya min. Ta jingina kanta a cikina ta ce, "Inna, kin zo."

Na ce wurin mijina na zo.

Ta yi dariya tana dafe ɗinkin, tana cewa in bari, in bari. Na yi ta cuɗa mata baya. Ban san ruwan ya huce ba sai da ta fara rawar sanyi, ita kuma ba ta faɗa ba.

Ajiye bik ɗin, auta. Tashi ki ɗora wani ruwan.